Yadda Ake Raba Babban Zane Gida-Gida Kafin a Buga Shi

Darasin wannan fitowa ya samo asali ne daga wata kunya da muka sha, kuma mun san da yawanku ba ku manta da ita ba.

A zangon da ya wuce, ranar taron iyaye da malamai, kulob ɗinmu na 'yan jarida ya liƙa wata babbar fosta a bangon ɗakin taro. Abin da muka so ta ce shi ne DA ILIMI AKE GINA ƘASA. Amma da aka ɗaga ta, sai ga lanƙwasar Ƙ ta ɓace, kowa yana karanta KASA. Ga fararen layuka sun ratsa hoton kamar tsagar bango, tambarin makaranta kuma ya karkace. Mun yi kusan mako biyu 'yan aji uku suna tsokanarmu, suna cewa 'yan kulob sun kasa. Laifin ba na kowa ba ne, namu ne, domin mun shiga aikin da ba mu san kansa ba.

Yanzu shugaban makaranta ya sake ba mu dama. Mu ne za mu yi fostar ranar raba kyaututtuka, kuma naira 7,500 kacal muke da ita a asusu. Idan muka sake ɓatawa, babu kuɗin sake bugawa. Shi ya sa malamin da ke kula da kulob ya kai mu wani shagon buga fostoci da allunan talla a cikin gari, muka kuma zauna da malaminmu na lissafi. Matambayi ba ya ɓata. Ga abin da muka koyo.

Me ya sa sai an raba?

Kowace na'urar bugu tana da iyakar faɗin abin da za ta iya haɗiya. Firintar ofis tana ɗaukar takardar A4 ne, wasu kuma A3. Manyan injina na masu buga allunan talla ma suna da iyaka: akwai mai faɗin mita 1.6, akwai mai mita 3.2, wadda masu sana'ar suke kira mai ƙafa goma, akwai kuma mai mita 5. Duk zanen da ya fi bakin injin faɗi, dole a raba shi gida-gida, a buga kowane gida daban, sannan a haɗa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Masaƙanmu na gargajiya ba sa saƙa gwado gaba ɗaya. Siraran saƙa suke yi, masu tsawo marasa faɗi, sannan a ɗinke su gefe da gefe har adon ya haɗu. Idan ɗaya ta goce, kowa zai gani. Haka abin yake ga fosta.

A harkar talla akwai wani allo da ake kira mai takarda 48. Faɗinsa ƙafa 20 ne, tsayinsa ƙafa 10, wato kusan mita 6 da mita 3. Sunan ya fito ne daga Ingila, inda ma'aunin fosta shi ne takarda mai inci 20 da inci 30. Ku lissafa ku gani: ƙafa 20 inci 240 ne, a raba da 20 a sami 12. Ƙafa 10 inci 120 ne, a raba da 30 a sami 4. To, 12 sau 4 shi ne 48. Ashe ma sunan allon kansa lissafin rabawa ne.

Mu fara sanin takardarmu

Takardar A4 tana da santimita 21 a gajeren gefe, da santimita 29.7 a dogon gefe. Wannan tsari na girman takardu ya faro ne a Jamus a 1922, daga baya ƙasashe da yawa suka ɗauka. Babbarsu ita ce A0, mai girman murabba'in mita 1. Idan aka ninke ta biyu a sami A1, a sake ninkewa a sami A2, sai A3, sai A4. Ke nan A4 guda 16 ne suke cika A0 ɗaya.

Kuskurenmu na farko

Fostarmu ta wancan zango faɗinta santimita 200 ne, tsayinta santimita 100. Sai muka ce abu mai sauƙi: 200 sau 100 ya ba mu murabba'in santimita 20,000. A4 kuma 21 sau 29.7 ya ba mu 623.7. Muka raba, muka sami 32 da ɗan ɗoriya, muka ce takarda 33. A shagon da muke zuwa ana buga mai launi a kan naira 200, don haka muka tafi da naira 6,600 muna murna.

Da muka isa sai kwamfuta ta ce takarda 40. Malaminmu ne ya cika naira 1,400 daga aljihunsa. Malamin lissafi ya nuna mana inda muka kauce. Ya ce takarda ba ruwa ba ce da za a zuba ta cika ko'ina. Faɗi daban ake lissafa shi, tsayi daban, kuma ko ɗan yatsa ne ya rage a gefe, sai an ba shi cikakkiyar takarda. Bayan wannan akwai abubuwa biyu da ke cin takarda waɗanda ba mu san da su ba.

Farin gefe da goyo

Na farko shi ne farin gefe. Yawancin firintocin ofis ba sa bugawa har bakin takarda, suna barin ɗan fari a kowane gefe. A tamu kusan rabin santimita ne. Ke nan wurin da hoto yake samu a A4 ba 21 da 29.7 ba ne, 20 da 28.7 ne.

Na biyu shi ne abin da muka raɗa wa suna goyo. Ana sa ƙarshen hoton da ke kan takarda ɗaya ya maimaitu a farkon ta kusa da ita, domin idan an zo haɗawa ɗaya ta hau kan 'yar uwarta. A wancan karo ba mu sa goyo ba. Muka yi ta yanke farin gefe da almakashi, kuma duk inda almakashi ya ci hoto, ya tafi ke nan, babu madadinsa. Daga nan fararen layukan suka fito. Da akwai goyo, abin da ya ɓace a sama yana nan a ƙasa.

Mun zaɓi goyon santimita 1. Saboda haka kowace takarda da aka ƙara, abin da take ƙarawa shi ne santimita 19 ta gajeren gefe, ko 27.7 ta dogon gefe.

Lissafin da ya cece mu

Ga ƙa'idar. A cire goyo daga awon fostar, a raba da abin da kowace takarda take ƙarawa, idan an sami ɗoriya a haura zuwa cikakkiyar lamba ta gaba. A yi wa faɗi, a yi wa tsayi, sannan a ninka amsoshin biyu.

Mu gwada da fosta mai 200 da 100.

Idan takardun a tsaye suke: 199 a raba da 19 ya ba da 10.5, wato 11. Sai 99 a raba da 27.7 ya ba da 3.6, wato 4. Jimla 11 sau 4, takarda 44, naira 8,800.

Idan a kwance suke: 199 a raba da 27.7 ya ba da 7.2, wato 8. Sai 99 a raba da 19 ya ba da 5.2, wato 6. Jimla 8 sau 6, takarda 48, naira 9,600.

Duka biyun sun fi ƙarfin asusunmu. Muka yi jugum. Sai wata 'yar aji ɗaya a cikinmu ta ce, "Malam, ai a kwancen nan ɗan kaɗan ne ya haura 7 da 5. Me zai hana mu rage fostar?" Malam ya ce mu gwada da 190 da 95, domin siffar ba za ta canza ba, faɗi yana nan ninkin tsayi biyu.

A kwance: 189 a raba da 27.7 ya ba da 6.8, wato 7. Sai 94 a raba da 19 ya ba da 4.9, wato 5. Jimla 7 sau 5, takarda 35, naira 7,000.

Kun gani? Santimita 10 muka rage a faɗi da 5 a tsayi, abin da ido ba zai ma lura da shi ba daga nesa, amma takarda 9 suka ragu, naira 1,800 ta tsira. Darasin shi ne, kada a tsayar da girman fosta sai an gwada lissafin a tsaye da a kwance.

A ina yankan zai faɗa?

Wannan shi ne abin da mai shagon ya fi jaddada mana. Ya ce kafin ya taɓa maɓallin bugu, sai ya shimfiɗa layukan rabawa a kan zanen ya duba abin da kowane layi ya ratsa. Wuraren da ba a so yanka ya bi su ne idon mutum da bakinsa, ƙananan rubutu, lambar waya, da tambari. Idan sama ce ko fili mai launi ɗaya, ko an ɗan goce ba wanda zai gane. Amma idan ido ne, milimita 2 ma ta isa ta mayar da mutum mai harara garke.

Mu masu rubutun Hausa muna da ƙarin abin lura, wato haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ da ƙ. Lanƙwasar a saman harafi take, kuma ƙarama ce. Idan ta faɗa a bakin takarda aka yanke ta, ma'ana ta sauya. Ƙasa ta koma kasa, ƙare ya koma kare, ɗaga ta koma daga. Abin da ya same mu ke nan: layin da ya raba sahun farko da na biyu ya bi ta saman haruffan daidai.

A sabuwar fostarmu akwai sahu 5, kowane sahu da takarda 7. Idan aka auna daga sama, mahaɗan suna tsakanin santimita 19 da 20, 38 da 39, 57 da 58, sai 76 da 77. Mun matsar da rubutun har lanƙwasar kowane harafi ta yi nesa da waɗannan wurare. Manyan haruffan da suka fi takarda ɗaya tsayi dole yanka ya ratsa su, amma mun sa ya bi ta tsakiyarsu, inda sanda take a miƙe. Tambarin makaranta kuma mun rage shi ya zauna cikin takarda ɗaya.

Hoton ma a duba shi

Hoton waya ko na kwamfuta ƙananan ɗigogi ne aka jera. Idan aka buɗa shi, ɗigogin ba sa ƙaruwa, girma kawai suke yi. Hoton mujalla da ake karantawa a hannu ana so ya kai ɗigo 300 a kowane inci. Allon talla na bakin titi kuwa ba ya buƙatar ko kusa da haka, saboda daga nesa ake kallonsa. Idan kuka matsa kusa da shi za ku ga hoton dishi-dishi.

Ga misali. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka faɗin fostarmu kusan inci 75 ne. Hoton da ke da ɗigo 4,000 a faɗi zai ba mu kusan ɗigo 53 a inci, ya isa ga wanda ke zaune a ɗakin taro. Amma a ce hoton ɗigo 1,000 ne, sai mu tashi da 13 kacal, fuska ta zama kamar an jera bulo. Ku sani WhatsApp yana rage nauyin hoton da aka tura ta hanyar da aka saba. Idan na bugawa ne, a tura shi a matsayin fayil.

Rubutu da tambari kuwa an fi so a zana su a manhaja irin CorelDRAW, wadda masu shagunan bugu da yawa suke aiki da ita. Ita da layuka da lissafi take zana harafi, ba da ɗigo ba, shi ya sa komai girman da aka ba shi bakinsa ba ya dushewa.

Wajen bugawa

Idan zanen yana cikin fayil na PDF, manhajar Adobe Acrobat Reader tana da wani zaɓi a wajen bugu mai suna Poster. Ita da kanta take rabawa, a gaya mata yawan goyo, ta kuma sa alamun yanka. Amma a kiyaye abubuwa huɗu:

1. A bar girman a kashi 100 cikin 100. Kada a bar na'ura ta matse hoton don ya dace da shafi.

2. A fara gwaji da takarda biyu maƙwabtan juna, baƙi da fari, a ga ko sun haɗu. Mu mun yi, naira 100 ya ci mana, kuma sun haɗu tsaf.

3. A buga duka a na'ura ɗaya, da takarda iri ɗaya, a zama ɗaya. In ba haka ba, shuɗin hagu zai bambanta da na dama.

4. Kowace takarda tana fitowa a rubuta mata lamba a baya da fensir, da kibiya mai nuna sama. Mu muna rubuta sahu sannan matsayi, misali 2/5, wato sahu na biyu, takarda ta biyar. Da farko mun so mu sa wa sahu haruffa, sai muka ga za a sami A3 da A4, a rikita su da girman takarda.

Wajen haɗawa

Kayan aiki su ne rula mai tsawo, reza, gam, zare, fensir da kwalaye ko falle na katako da za a liƙa a kai. Reza a hannun malami ko babban ɗalibi za ta kasance.

Da farko a share ƙasa, a jera dukkan takardun ba tare da gam ba, a tabbatar babu wadda ta ɓata ko ta juya. Sannan a ja zare a miƙe a kan kwalin, a bi shi da fensir, domin sahun farko ya sami abin bi. A yanke farin gefen da zai hau kan 'yar uwarsa kawai, ɗaya gefen a bar shi, nan ne gam zai zauna.

A fara liƙi daga sahun ƙasa a yi sama, yadda ta sama za ta riƙa hawa kan ta ƙasa, kamar yadda kafinta yake jera kwanon rufi. Ta haka ƙura ko yayyafi ba za su sami bakin shiga ba. A cikin kowane sahu kuma a fara daga tsakiya a yi hagu da dama. Ga dalili: takarda 7 suna da mahaɗa 6. Idan a kowace mahaɗa aka goce da milimita 2, wanda ya faro daga gefe zai ƙare da gocewar milimita 12. Wanda ya faro daga tsakiya kuwa mahaɗa 3 ce gare shi ta kowane ɓangare, milimita 6 ke nan. Kada a cika gam, domin yana sa takarda ta jiƙe ta yi tamoji.

Su manyan alluna fa?

A shagon mun ga ƙa'idar ɗaya ce, kayan ne suka bambanta. Su a kan wata leda mai kauri da ake kira fileks suke bugawa, kuma a naɗe take zuwa. Saboda haka ta wajen tsawo injin zai iya yin ta bugawa, faɗi ne kawai yake da iyaka. Allo mai takarda 48 tsayinsa bai kai mita 3.2 ba, don haka injin mai ƙafa goma yana iya fitar da shi falle ɗaya. Amma a ce allo ne mai faɗin mita 12 da tsayin mita 6. Ana iya raba shi gida 4 a tsaye, kowane mita 3, mahaɗa 3 ke nan. Ana kuma iya raba shi gida 2 a kwance, mahaɗa 1 tak. Mai aikin zai duba zanen ya ga wace hanya ce ba za ta ratsa fuska ko rubutu ba. Ana haɗa fallayen da zafi ko da gam mai ƙarfi, a bar rara a gefuna domin ninkewa da ɗaurewa a jikin ƙarfe.

A kwamfuta kuma sau da yawa a kan sikeli suke zanen, misali 1 zuwa 10. Allon mita 12 sai ya zama santimita 120, sai a wajen bugu a ninka shi. Wannan sikelin shi ne dai wanda muke yi a darasin taswira.

In babu kwamfuta

Aji ko gidan wasanni da ba shi da kuɗin bugu ba sai ya haƙura ba. A zana ƙaramin hoto mai santimita 19 da 9.5, a ja masa layuka gida-gida na santimita 1, kamar guraben dara. A babban kwali kuma a ja gidaje na santimita 10. Sai a riƙa kwafe abin da ke cikin kowane ƙaramin gida zuwa babban gidansa. Masu zanen tsohuwar Masar ma sun yi amfani da irin waɗannan layuka a bangon kaburbura, har yau ana ganin sawunsu a wuraren da ba a ƙarasa aikin ba.

Aikin gida

Gidan wasanninku yana son fosta mai faɗin santimita 150 da tsayin santimita 100. Farin gefe rabin santimita ne, goyo santimita 1. Takardar A4 nawa ake buƙata a tsaye, nawa a kwance? Wanne ya fi araha? Ku rubuta amsa da sunanku da ajinku, ku jefa a akwatin kulob da ke bakin ɗakin karatu. Za mu liƙa amsar da sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba.

Ranar Alhamis mai zuwa bayan an tashi za mu haɗa takardunmu 35 a ɗakin taro. Naira 400 ce ta rage mana ta sayen gam, babu ta sake buga ko da sahu ɗaya. Muna roƙon duk mai doguwar rula ko tsohon kwali mai tsabta ya taimaka mana da shi. Muna godiya ga malamanmu biyu da mai shagon da ya bar aikinsa ya saurari tambayoyinmu. 'Yan aji uku kuma muna gayyatarku musamman, ku zo ku duba lanƙwasar Ƙ da idonku.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Daga wakilin aji biyu, a madadin kulob ɗin 'yan jarida.